Haƙori Goma Sha Bakwai

Asabar, 2 ga Maris

Yau Ciyaman ɗin kulob ɗinmu ya faɗa! Ranar talatin ga wata za a yi tseren tantancewa a filinmu na bayan sito. Minti takwas, wanda ya fi yawan zagaye shi ne gaba. Mutum uku na farko su za su wakilci kulob a babban tseren motocin rimot na watan gobe. Mu goma sha ɗaya ne. Ni wata biyar da shiga, ban taɓa wuce na bakwai ba, amma tun da ya faɗa nake ta lissafin shiga ukun nan.

Guguwa, mai sayar da wayoyin nan, ya dafa kafaɗata ya ce, "Mai Fanka, ranar ka taho da kujera ka sha kallo. Motarka sai dai kai yara makaranta." Kowa ya yi dariya, har ni. Amma na ajiye maganar.

Litinin, 4 ga Maris

Wuni guda a shago hannuna na kan koyil ɗin fanka, hankalina na kan mota. Injin lantarkin motata naɗi ashirin da ɗaya ne, na Guguwa naɗi sha uku. Wannan kam ba sai an yi min karatu ba, shekara shida ina naɗa waya: in naɗi ya ragu, gudu ya ƙaru. Sai kuma ƙaramar giyar da ke bakin inji, wadda ke juya babbar. Tawa haƙori sha tara ce. In haƙora suka ƙaru, nan ma gudu ya ƙaru.

To inji mai sha uku, giya mai ashirin da uku. Na haɗa biyun, mu ga wa zai kai yara makaranta.

Alhamis, 7 ga Maris

Inji da giyar da na yi oda sun iso! Injin ja ne, har ƙyalli yake.

Juma'a, 8 ga Maris

Na ɗaura a kan teburin falo. Na yanko 'yar siririyar takarda na sa tsakanin giyoyin biyu kafin in ƙulle sukurori, sannan na zare ta, don kada haƙoran su matse juna. Yaya ta tsaya a kaina da tsintsiya. "Ƙato da kai, gemu ya fito, kana ƙirga wa abin wasa haƙora. Ɗaga min ƙafa." Amma da na taɓa rimot tayoyin suka yi fiii a iska, ita ma sai da ta ja baya tana salati.

Na gwada da sassafe a miƙaƙƙen layin bayan shago. Kai! Kamar an harba kibiya. Sau uku kawai na je na dawo, na tafi aiki ina murmushi ni kaɗai.

Asabar, 9 ga Maris

Atisaye, ƙarfe uku na rana.

Minti uku na farko ba zan manta ba. A miƙe na wuce Guguwa, har ya waiwayo ya dube ni. Amma kowace kwana sai motar ta zarce, ta daki robar gefe. Minti na biyar ta fara ja da ƙafa kamar mai ciwon baya. Sai warin nan. Ni da na san warin ƙonanniyar waya tun daga bakin ƙofa! Na tsaya, na taɓa inji, yatsana ya tashi.

Baba Tela ne ya matso. Shi ne mafi tsufa a kulob, da tabarau a ƙarshen hanci da tef a wuya, motarsa kuwa ko ƙara ba ta yi. Ya ce, "Ɗana, in ka sauka daga fili, ɗora yatsa a kan inji ka ƙirga biyar. In ba ka kai biyar ba, ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa." Na ce ko ɗaya ban kai ba, Baba. Ya ce, "To ka ji amsarka."

Allah Ya so injin bai mutu ba.

Talata, 12 ga Maris

Maigidana na shago ya ga filasta a yatsana, na ba shi labari. Bai ko ɗago daga teburinsa ba. "Ka ɗaura wa fankar tebur fiffiken fankar sama, kana jiran me? Shekara shida a banza." Kunya ta hana ni cin abincin rana.

Laifina ne. Na gwada da sanyin safe a hanya miƙaƙƙiya, tsere kuma da tsakar rana ne a fili mai lanƙwashe-lanƙwashe.

Asabar, 16 ga Maris

Yau ban sa mota ba. Na hau kan tulin bulo da agogon waya, na zuba ido.

Lanƙwasa goma sha ɗaya ce a filin. Miƙe ɗaya tak, kuma daƙiƙa uku ake yi a cikinsa, alhali zagaye guda ya kai daƙiƙa ashirin da huɗu. Wato duk haukan da na yi, saboda daƙiƙa uku ne! Guguwa yana cin miƙe, sai ya yi ta fama a kwana, gindin motarsa na wutsil-wutsil. Ta Baba Tela kuwa tana shiga a natse, tana fita kamar an tunkuɗa ta. Kowa na kallon mai ƙara, ba wanda ya lura tsohon nan ya ba su zagaye guda.

Na tambaye shi haƙori nawa ya sa. Ya dube ni ta saman tabarau. "In na ba ka awon rigata, za ta yi maka? Je ka auna naka."

Laraba, 20 ga Maris

Maigida ya yarda in riƙa fita awa ɗaya da rana. Ni kaɗai a fili, sai mai gadin sito yana min dariya. Sabon inji da giya sha biyar: zagaye sha takwas, tayoyi na ta zamewa, yatsa ya kai uku.

Juma'a, 22 ga Maris

Na mayar da tsohon inji. Da sha tara: zagaye sha takwas da rabi.

Talata, 26 ga Maris

Tsohon inji, haƙori sha bakwai. ZAGAYE ASHIRIN! Na maimaita don kada in yaudari kaina, ashirin kuma. Yatsa har shida. Na yi tsalle, mai gadi ya ce ko kunama ce.

Sai dai a miƙe, wallahi kamar jaki. Za su yi min dariya.

Juma'a, 29 ga Maris

Bayan la'asar na ɗauko jan injin nan, ina ta juya shi a hannu. Zuciya na cewa ko sau ɗaya ka sake wuce Guguwa a gaban mutane. Har na kwance sukurori biyu. Yaya tana ninke kaya ta ce, "Kai dai ka faɗa min, tafiyar kake so ko tafin?" Na mayar da sukurorin.

Asabar, 30 ga Maris

Yau aka yi tseren.

Da Ciyaman ya busa usur, kusan duk suka wuce ni a miƙe, fuuu. Na tara nake. Guguwa ya ɗaga murya: "Mai Fanka, ka sauke yaran tukuna!" Na cije leɓe. A kwana ta uku biyu suka yi karo, na bi ta ciki. A ta bakwai na sake cin ɗaya. Haka muka yi ta yi: su karɓe a miƙe, in karɓe a kwana, kuma kwana ta fi yawa. Minti na huɗu na ji Ciyaman ya ce, "Lamba tara, na biyar!" Lambar motata ke nan. Na wuce wanda muke kira Direba, na zama na huɗu. Saura Guguwa a gabana, shi ne na uku.

Ban matsa masa ba. Ina bin sa, ina sauraron injinsa. Minti na shida muryar ta canza, ta fara shaƙewa. Na san wannan kukan. A miƙe ma bai ƙara tsere min ba. A kwana ta tara ya buɗe, na shige ta gefensa, ko taɓa shi ban yi ba. Zagaye biyu bayan nan hayaƙi ya tashi.

Usur! Baba Tela na ɗaya, Mai Kemis na biyu, ni na uku. NI!

Na durƙusa na ɗora yatsa a kan inji, ina ƙirgawa da ƙarfi. Baba Tela yana taya ni. Muka kai bakwai. Ya ce, "Rigar ta zauna."

Yaya ta ce ita dama ta sani. Ƙarya take, amma ta ɗora kwalin shaidar da aka ba ni a kan talabijin.

Litinin, 1 ga Afrilu

Guguwa ya zo shago da injinsa a leda, ya ƙone baƙi ƙirin. Ya daɗe yana kallon fankoki kafin ya ce, "Malam Mai Fanka, wannan zai tashi kuwa?" Malam, wai.

Wata guda ina tanadin abin da zan ce masa kan kai yara makaranta. Har ta zo bakina. Sai na ji kaina ina tambayarsa haƙori nawa ya sa. Ya ce ashirin da biyar. Na jawo masa benci, na nuna masa yadda ake ɗora yatsa. Maigida yana ta tari a bayan teburinsa, na san dariya yake.

Filin babban tsere an ce miƙensa dogo ne. Sai na je na hau bulo na gani tukuna.

Jan injin yana cikin gwangwanin tsofaffin sukurori. Ba wai na yar da shi ba ne. Ajiyewa kawai na yi.