Kafur a Adakar Inna

Hajiya Zinariya, don Allah ki taimake ni, maganar nan ta fi ƙarfin cikina.

Shekara biyu ke nan na je wankan gida wajen mahaifiyata a Mashi. Inna tela ce, idonta ma ya fara rauni, amma tun cikina na wata uku take ɗinka 'yan riguna da huluna, tana jerawa a adakarta, tana zuba kafur saboda asu da kyankyasai. Haka ta yi mana mu shida, ba abin da ya same mu.

Na haifi namiji, maigidana Munzali ya yi masa huɗuba da Jafaru. Kwana uku idonsa ya yi ɗorawa. Aka ce ciwon shawara ne, a riƙa shanya shi a hantsi. Muka yi ta shanyawa. Ranar kwana shida ya ƙi mama, ya sanƙare, yana wani siririn kuka da har yau nake ji. Muka kai shi asibiti, ana gobe suna ya koma. Ragon ma yana ɗaure a tsakar gida.

Likita ta shinshina rigarsa, ta ja mu gefe. Ta ce gwaji ya nuna yana da ƙarancin wani sinadari a jini, G6PD, kuma warin kafur yana farfasa jinin irin waɗannan yara. Muka haɗa baki da Munzali ba za mu faɗa wa Inna ba, ga ta da hawan jini, ga shi ita ta riƙe shi har ya cika.

To Hajiya, yanzu cikina wata takwas. Jiya ƙanena ya kawo min ƙullin kayan jariri daga Inna nan Daura, wai in ga irin ɗinkin bana. Ina kwance ƙullin sai warin kafur ya buge ni, na zauna daɓas ina kuka. Munzali ya ce mu karɓi kayan mu ɓoye kawai. Ta yaya? Ita za ta zo ta yi min wanka, ita za ta sa wa jaririn kaya. In na faɗa mata, tamkar na ce ita ta kashe jikanta ne. Wallahi ina tsoron maganar ta kwantar da ita. Ina zan sa kaina?

Mai jiran haihuwa, Daura

*

'Yata, Allah ya sa Jafaru mai ceto ne, ya sanyaya miki zuciya.

Na tambayi likitar yara kafin in amsa miki. Jajayen ƙwayoyin jini suna da garkuwa mai suna gulutatayon, wadda ke kare su daga guba. Sinadarin nan G6PD shi ke sabunta ta kullum. In ya yi ƙaranci, abu kamar kafur sai ya farfasa jinin, ɗorawar ta taru har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Gado ne, ɗa namiji daga uwa yake ɗaukowa, kuma yana da yawa a ƙasar nan. Wannan jaririn zai iya zuwa da shi, zai iya kuɓuta, kuma ba za ki sani ba sai an gwada.

Saboda haka kayan adakar nan ba za su taɓa jikinsa ba, ko an wanke, don kafur yana kama zare. Ki haihu a asibiti, ki gaya musu tarihin Jafaru tun yanzu. Kada a shafa masa man zafi ko lalle, kada a ba shi maganin da likita bai rubuta ba. Idonsa na canzawa, a tafi asibiti ranar, ban da shanya a rana.

Tsoronki game da Inna gaskiya ne, kuma Munzali tausayi ne ya sa shi faɗin haka. Amma dabararsa ba za ta yi ba. Wanda zai kwana arba'in da jariri a hannu dole ya san abin da ke cutar da shi.

Ki je Mashi da kanki makon nan, kada ki aika. Ki tabbatar ta sha maganinta. Ki fara da cewa jinin Jafaru ne ya zo da rauni, kuma ta jikinki ya biyo. Daga nan ki gaya mata irin wannan jinin ba ya son kafur. In ta tambaye ki ko kafur ya taɓa Jafaru, kada ki yi mata ƙarya. Ki ce likita na zaton ya ƙara, amma irin yaran nan sukan yi ciwon ko babu kafur, kuma dukanku ba ku sani ba. Sannan ki miƙa mata sabon yadi ki roƙe ta ta ɗinka wasu, don kada ki bar ta hannu sake da wannan magana.

Za ta yi kuka, ki zauna ku yi tare. Uwar da ta raini shida za ta iya ɗaukar magana mai ɗaci. Abin da ba za ta iya ɗauka ba shi ne ta rasa jika na biyu, sannan ta ji kin sani kika yi shiru.

Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa a hannun kakarsa.

Hajiya Zinariya