Layin da Na Gyara da Hannuna

Zuwa ga Yayansu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare maka imaninka a inda kake. Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar babanku ta yi sauƙi har yana fita ba sanda. Amma ba gaisuwa ce ta zaunar da ni rubutu ba. Sau huɗu na kira ka ba ka ɗauka ba, don haka ka karanta wannan a tsanake.

Kwamfutar da ka aiko wa ƙanwarka Auta ta ƙi tashi. Ka tuna tun watan jiya madannanta ke ƙin aiki. Na ce a kai wa mai gyara ya canja su, ka ce ba su ne suka lalace ba, wai kanel ne, uwar manhajar da ke ba kowane sashe umarni, bai gane su ba, kuma layi ɗaya za a ƙara a saitinsa shi ke nan. Ka turo layin a wayata saboda ta Auta ta faɗa ruwa. Auta ta shigar da shi, ta sake kunnawa, tun daga nan ba abin da ke fitowa sai baƙin allo da ɗan farin zane yana ƙiftawa a kusurwa. Aikinta na kammala makaranta yana ciki, wahalar wata bakwai, ba ta ajiye kwafinsa a ko'ina ba, kuma ranar Litinin za ta miƙa. Wanda ya ba da umarni daga nesa, wajibinsa ne ya tsaya ya ji yadda aka ƙare. Ba tarbiyyar da na ba ka ba ce ka jefo magana ka juya baya, komai yawan aikinka.

Jiya mun je shagon mai gyara. Ya kunna, ya kashe, ya sosa ƙeya, ya ce wannan ba irin manhajar da ya saba da ita ba ce, masu yayye a ƙasar waje sun fi ƙarfinsa. Wai abin da zai iya kawai shi ne ya goge komai ya ɗora tasa. Na tambaye shi aikin yarinyar fa, ya ɗaga kafaɗa. Na naɗe kayana muka fito. Yanzu kwamfutar tana cikin akwatina a kulle, ba mai taɓa ta.

Akwai abin da ya zama dole in faɗa maka, don ban koya muku ɓoye laifi ba. Ranar da saƙonka ya zo Auta tana makaranta, ni kuma zan fita da wayar, sai na kwafe mata layin a takarda. Na ga ka fara da ƙaramin harafi, ba ka bar tazara bayan ɗigo ba, ga alamar zance ba wanda ya yi magana. Na ce a raina duk karatun nan bai gyara maka rubutu ba, na gyara uku ɗin yadda aka koya mana a aji. Abin da na rubuta shi ta shigar. Kwana biyu tana zargin kanta, ko abinci ba ta ci. Da safen nan na ajiye mata takardar da saƙonka gefe da gefe, na gaya mata gaskiya. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta fita. Da ma tsawa ta yi mini.

To, kada ka kuskura ka yi mata faɗa. Ka kira gobe Asabar da safe, kiran da ake ganin fuska, ka nuna mata yadda za a shiga a cire layin nan harafi bayan harafi. Ni zan riƙe wayar kawai, bakina a rufe.

Babanku da Gwaggonka suna gaishe ka. Ka gai da matarka da kawunka, ka shafa mini kan takwarata.

Mahaifiyarka, mai jiran kiranka.