Na Ɗayan Safwan

Zuwa ga ɗana Matthew,

Ka gafarce ni da na dame ka, kana da hidimarka. Ina mai ɗakinka Magdalene da yara? Ya Kaura, ya damina? Na ji daɗi da anka ce ba ku tashi ba lokacin da wasu sunka tashi.

Ni lafiya lau nike nan Amurka, wajen jegon ɗiyata Rahma. Abinci akwai, sai dai ba a jin kiran salla, kuma maƙwabci ba ya amsa sallama. Ba komi, ana sabawa.

Ka tuna gardamarku da abokinka, marigayi ɗana Safwan, a zaure kan makaɗan jita na Amurka? Kuna jera su ɗaya zuwa goma a bayan kalanda, yana ce maka, "Kai Matthew, kunnenka na kwano ne!" Da anka kafa shari'a, na tattara kasakasanshi na kiɗa na ƙone. Bai ce komi ba sai, "To, Inna." Bayan wata huɗu motar Shinkafi ta faɗi da shi.

Shekaranjiya a kanti na ji kiɗan da yake sawa in yana wanke babur. Na tsaya riƙe da kwando har ya ƙare. Rahma ta tambaye ni su wa ne, ban sani ba. Ban taɓa tambayarshi ba.

Ba saurare zan yi ba, Allah na gani. Suna kawai nike so: su wa ya sa na ɗaya? Don Allah ka amsa mini da wuri.

Innar Safwan