Na Uku Yana Hannuna

Zuwa ga maigidana, Baban Yelwa, gawon gonata mai ganye a lokacin da kowane itace ya kaɗe, ruwan farkon daminata, zumar da ba a sirka ta da sukari ba, inuwar ɗorawar da na zaɓa tun ina budurwa ban kuma taɓa leƙa wata ba!

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina gajiya, ina aikin lambu? Yaya ruwan fadamar Gude can ƙasar Kabo, yaya bayan nan naka da ke damunka in ka daɗe a sunkuye? Mu a nan Kara lafiya lau muke, ni da yara, sai kewarka da ta zauna mana a tsakar gida kamar turmi, kowa ya gifta sai ya yi tuntuɓe da ita.

Wanke hannunka daga ƙasar albasa, ka gyara zama, albishir na kawo maka. Na yi nasara, maigida! Mun yi nasara! Akwatin littattafanka da ka aiko a kai wa masu ƙosai yana nan daram, ko shafi ɗaya bai ga mai ba, kuma yau ya fi kowane akwati daraja a ƙauyen nan. Saura abu guda nasarata ta cika, wato ka dawo gida. Don shi na ɗauki biro.

Bari in tuna maka yadda aka yi, don na san ka da mantuwa in magana ba ta yi maka daɗi ba. Tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ka daina shimfiɗa littattafai a kasuwar Gwarzo. Ba wanda ya kore ka, ni shaida ce. Kai ne ka ce a dakata hankali ya kwanta. Hankali ya kwanta, sai tsada ta tashi. Kalanzir ya yi tsalle, taki ya gagari talaka, wanda yake sayen littafi ya koma awon masara rabin kwano. Ka jingine keke, ka ɗaure akwati, ka ce mun shiga uku, ka ce ba za ka zauna mace tana ciyar da kai da albashin firamare da ba ya zuwa kan kari ba. Ka tafi Kabo ban-ruwa a lambun wani. Kabo fa! Sai ka ce Legas! Motar da ta ɗauke ka a Kabo da hantsi, kafin rana ta take ta sauke ka a Gwarzo. Amma kunya ta mayar maka da ita bangon duniya. Kaka ta wuce, Kirsimeti ta wuce, gurbinka a bencin maza yana nan ba kowa, ni kuwa ina rera waƙa da baki, idona yana kan ƙofa. Wannan ba tawali'u ba ne, ƙaunataccena, girman kai ne ya ari rigar tawali'u. Na faɗa maka don ina ƙaunarka. Wa zai faɗa maka in ba ni ba?

Da Gwaggo ta dawo daga wajenka da saƙon a rabu da littattafai, ban yi musu ba. Ni ba na koya wa Yelwa biyayya da baki in karya ta da hannu. Na ɗauki ɗauri guda na kai wa Uwaliya, maƙwabciyarmu mai ƙosai. Ta goge hannu a zani, ta buɗe ɗaya, ta bi layi da yatsa a hankali, irin karatunsu na yaƙi da jahilci, sai ta ɗago ta dube ni. Ta ce, “Maman Yelwa, lafiyarki kuwa? Sunan Allah ne fa a nan. In zuba masa mai, yara su cinye su yar a kwata? Naku addinin naku ne, namu namu ne, amma wannan sunan ba na ƙunshin ƙosai ba ne. Kwashe ki mayar, kada ki ja mini.” Ta zuba mini ƙosai a kwano, ta ce in kai wa yara. Ka ji, maigida? Musulma mai salla biyar, ita ta tsare mutuncin littattafanka ranar da kai ka yar da shi! In wannan ba hannun Ubangiji ba ne, to hannun wa ne?

Ina tafe gida da ɗaurin a kaina, sai na ga kaina a gindin tsamiyar majami'armu, ina 'yar fom huɗu da ta zo hutu. Ka tuna? An tashi daga sujada, ka faka kekenka mai sabuwar ƙararrawa, ka shimfiɗa buhu, ka jera littattafai kamar mai jera ƙwai. Rigarka fara ce, wuyanta ya sha guga har ya fara ƙonewa. Na ɗauki wani littafi mai suna Gonar Bayan Dutse ina juyawa, ka ce, “Wannan ba na sayarwa ba ne, na aro ne.” Na tafi da na ɗaya, na cinye shi kafin a sauke tuwo. Lahadi ta zagayo na karɓi na biyu. Ya ƙare daidai inda gwauruwar nan ta cikin labarin ta tsaya a gaban dattawa za a yanke mata hukuncin gonarta. Na zo a guje neman na uku, sai ka sunkuyar da kai kana wasa da ƙararrawa, ka ce, “Na uku sai a gidana ake karanta shi.” Kai! Na yi maka wa'azi a ranar, na ce wannan ba halin mai bi ba ne, azabtar da baiwar Allah ce. Ka saurara har na gama, ka ce amin, ka hau kekenka. Ina na sami na uku? A ƙasan akwatin lefena, ƙarƙashin atamfa! Wace mace ce a ƙasar Gwarzo aka taɓa kamawa da irin wannan tarko mai daɗi? Har yau in na ji ƙarar ƙararrawar keke, zuciyata takan yi tsalle kamar ɗan akuya ya ga sabuwar ciyawa, ni da nake da 'ya budurwa!

A nan dabara ta zo mini, kuma dabararka ce na ara. Tunda mutane ba su da abin saye, to su ara. Na ɗora akwatin a kan duwatsu, na zagaye shi da toka saboda gara, na buɗe shi ga Zumuntar Mata ta majami'armu. Doka ɗaya na kafa: ba mai karɓar na biyu sai ta dawo da na ɗaya ba miya a jikinsa. Ka zo ka ga mata, maigida! Waɗanda suka iya karatu suna yi wa waɗanda ba su iya ba, ana sussukar gero ana gardamar wa ya yi daidai a labari. Gulmar bakin rijiya ta ragu, ni na lura. Yelwa kuwa, da na kama ta da littattafan nan masu hoton 'yan mata da jan-baki, na karɓe su, ban bar hannunta wayam ba, na ɗora mata Gonar Bayan Dutse. Yanzu yarinyar da sai na ɗaga murya take fita sujadar safe, ita ke riga ni ɗaura ɗankwali. Yaro in ka ƙwace masa abu ba ka ba shi wanda ya fi ba, ɓarawo kawai ka koya masa zama.

Sai Dattijo Sanusi ya taso. Ka san shi, ko tari mutum ya yi a majami'a sai ya nemi dalili. Ya kai ƙara gaban dattawan ikilisiya, aka kira ni bayan sujada, rana tsaka, mata suka ƙi tafiya suka cika bakin taga. Ya ɗaga littafi sama ya ce, “Ku karanta bangon da kanku. Ƙagaggen labari! Su da bakinsu suka ce ƙage ne. Ƙage kuwa zunubi ne. Yaushe aka fara raba ƙage a ɗakin Ubangiji?” Na durƙusa yadda ya kamata, don ba a raina ni da rashin kunya ba, na ce, “Baba, a gafarce ni. Ƙagen da aka hana shi ne ka ɗora wa mai rai abin da bai yi ba. A nuna mini wanda aka ɓata wa suna a littafin nan, in je har gidansa in roƙe shi gafara. Ubangijinmu da ya koyar da taro da misalai, ya taɓa faɗin sunan ƙauyen da abin ya faru?” Fasto yana kallon silin yana danne dariya. Baba ya juya littafin, ya sake juyawa, ya yi gyaran murya, sai ya ce, “To, wai ita gwauruwar nan, an mayar mata da gonarta kuwa?” Ashe duk ranar da matarsa ke karanta wa surukarta, yana bayan zana yana gyaran fartanya! Mata suka rangaɗa guɗa. Ni ban yi dariya ba, dattijo ne. Na dai ce masa ya dawo da na biyu tukuna.

Ga abin da dattawa suka yanke. Akwati zai koma ɗakin ajiyar majami'a. 'Yan'uwa daga wajen garin Jama'a da ƙauyukan bayanmu sun aiko suna son a riƙa kai musu, kuma ikilisiya za ta ware wa mai kaiwa rabonsa daga baikon kaka, wato amfanin gonar da ake kawo wa majami'a. Ana neman mutum mai keke, wanda ya san kowace hanya da kowane rafi, wanda ya san littafin da za a miƙa wa mai makoki da wanda za a miƙa wa amarya. Wa ke nan? Wa ke nan, hasken idona, in ba kai ba? Na sa an yi wa keken faci, an zuba wa sarƙa mai. Ƙararrawar ce kawai na hana a taɓa.

Yanzu buɗe ƙunshin da Gwaggo ta miƙa maka tare da wasiƙar nan. Shekara da shekaru kai ke zaɓa wa mutane abin karatu. Yau ni zan zaɓa maka, kuma ba na son gardama.

Ƙaramin nan mai koren bango, Kafin Ka Ɗauki Fartanya, shafi guda za ka karanta kowace safiya, kafin ka taɓa guga. Gajeru ne, ba za su hana ka aikin mutane ba. Akwai inda yake magana a kan mutumin da ke jin kunyar mutane fiye da yadda yake jin tsoron Allah. Na naɗe kusurwar shafin, ba sai na ce don wa ba. Wanda ake kira Duwatsun Murhu kuwa na ma'aurata ne: miji, mata, da Ubangiji, in aka zare ɗaya tukunya ta kife. Ka karanta shi kana tuna cewa tun kaka nake girki a kan duwatsu biyu. Akwai wani da ban aiko ba, mai alkawarin mota da gidan bene ga duk wanda ya yi addu'ar da ke ciki. Ban ba kowa aronsa ba. Na sa shi can ƙasan akwati, in gara ta ƙetare toka ta fara da shi. Ba kowane littafi da ya ambaci Ubangiji ne ke kai mutum wurinsa ba, kai ka koya mini haka.

Sai babban. Ka tuna ɗaurin ƙarshe da ka saro, wanda baƙin ciki ya hana ka ko kwance igiyarsa? Na kwance. Rijiyar Barmo sunansa, kuma tun Gonar Bayan Dutse ban karanta wanda ya kama ni kamarsa ba. Barmo mai haƙar rijiya ne, mai bi na gaske. Ya haƙa wa ƙauyensu rijiya ta ƙi kawo ruwa, ba wanda ya zage shi, amma ya ga kamar kowane ido zagi ne. Ya yar da diga ya tafi wani gari kiwon shanun mutane. Matarsa kuwa kowace safiya sai ta je ta zura guga a busasshiyar rijiyar, ana yi mata dariya tana jawo shi wayam. Za ka so matar nan, maigida, duk da bakinta ya fi nawa kaifi. A ƙarshen na biyu labari ya kai wa Barmo cewa gugan ya fito da laima, ga shi tsaye a mararraba, takalmansa a hannu, hanya ɗaya ta yi gida, ɗaya ta yi daji.

Kada ka wahalar da Gwaggo da zazzage jaka, ba ta yar da komai a mota ba. Na ɗaya da na biyu kawai na ba ta.

Ya kai sanyin randata, ya kai dawar da ta yi kai a gonar ubana, ya kai wanda muryarsa ta fi mini kukan kurciya da hantsi, har yaushe? Har yaushe zan riƙa zuba tuwon mutum ɗaya in mayar tukunya? Har yaushe albasar wani za ta sha ruwa daga hannunka, matarka tana bushewa? Ban aure ka don cinikin kasuwar Gwarzo ba, balle in tsane ka don ya mutu. Da buhu ɗaya da keke ɗaya na gan ka, na ce wannan ne, kuma ko yau aka jera mini mazan Kano da Katsina da motocinsu, mai ƙonannen wuyan riga zan nuna. Ka ce mun shiga uku. To ni na uku na riƙe, na karanta shi, na san yadda ya ƙare, kuma ko Fasto ya tambaye ni ba zan faɗa ba.

Ka sallami mai lambu cikin mutunci, kada ka bar masa aiki a rabi, wannan ba halinmu ba ne. Sannan ka hau mota kafin Ista. Na uku yana ƙasan akwatin lefena, ƙarƙashin atamfa, inda ka san wurin. Sai a gidanka ake karanta shi.

Ni ce taka tun gindin tsamiya, taka a yalwa da tsada, taka har ranar da Ubangiji zai kira ɗayanmu, wadda bakinta bai taɓa kiran sunanka a gaban mutane ba amma yau hannunta ya rubuta shi: Haladu, dawo gida.

Matarka,
Hajaratu