Rigar Annemie a Kan Kek

Venlo, ranar Litinin

Uwargida Truus,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jikin 'yarmu, yaya jaririn? Ina fata sanyin Bergen bai takura miki ba. Ni lafiya lau, sai wuyan nan da har yanzu ba ya juyawa hagu.

Ban manta alkawarinmu ba: ranar da na kusa taka mutum da motar ɗaga kaya, ranar zan ajiye makulli. Amma kin san ni, in aka raba ni da motar nan kamar an zare mini laka ne.

Sun kawo mana sabon salo a sito. Kowa an liƙa masa 'yar na'ura a rigar aiki, ba ta fi kwalin ashana ba. Ba waya, ba komai, amma da mutum ya matso sai motar ta yi ƙara ta ja birki da kanta. Kai, ta ishe ni! Na ce wa manaja, "Ni da na yi furfura a kan sitiyari, ashana ce za ta koya mini tuƙi?" Ya ce, "Wiel, ita ba ta da ciwon wuya."

Mijinki,
Wiel

Venlo, ranar Juma'a

Truus tawa,

Ina gaishe ku duka, a shafa mini kan jikan. Zauna ki karanta.

Jiya ranar haihuwar Annemie ce, mai lissafin kaya, ita ke da kawo kek. Ta ci ado, ga ruwan sama, sai ta cire rigar aikin mai na'urar ta lulluɓe kek ɗin, ta yanko ta bayan tarin kwalaye. Ina ja da baya ɗauke da lodi, sai ji na yi ƙiii, mota ta ƙame. Har na fara zagin motar. Da na sauko, ga Annemie a hagu, tsakaninta da taya bai kai taku ba, ta rungume kek.

Manaja ya fito yana faɗa: "Rigar ta jiki ce, ba ta kek ba!" Ta ce, "To da na bar ta a motata fa?" Gaskiyarta, da motar ba ta ja birki ba.

Ban gan ta ba, Truus. Motar ce ta gan ta. Na kai wa manaja makulli, ya mayar mini, ya ce don irin wuyana aka sayo abin. Amma da ke na yi alkawari, ba da shi ba, don haka makullin yana kan teburin kicin sai abin da kika ce.

Raina fes yake, wallahi. Annemie ta yanko mini babban yanki, mai 'ya'yan itacen ceri. Na cinye tas, tana zaune kusa da ni tana tsokanata.

Naki har kullum,
Wiel