Ta Ƙi Faɗa Mini Wace Ce

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya mai ɗakina da jaririn? Ni lafiya lau, wankin motoci na tafiya, kada ku damu.

Sai dai kwanaki wata mata ta kira ni daga asibiti, murya a sanyaye, ta kama sunana daidai. Wai an sami wata da na taɓa kwana da ita da cutar da ake ɗauka a shimfiɗa, in zo gwajin jini. Na ce wace ce? Ta ce dokarsu ta hana faɗa.

Tun ranar nake bin matan layinmu da kallo. Duk garau suke, suna gaishe ni da murmushi. Ɗaya ce ƙofarta ke kulle, wankinta na kan igiya har ya koɗe, ba mai kwashewa. Da ita muke kafin zuwana gida bara.

Ban je gwajin ba tukuna, ƙafata ta ƙi. Don Allah ka kai mai ɗakina gwaji, ka ce na masu shayarwa ne. Kada Inna ta ji.

Allah ya bar zumunci. Ka ɗaga yaron da hannunka, ka rubuto mini gaskiya: yana da nauyi?

Ƙaninka.