Zumar Baba Ta Koma Shuɗiya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Jikin Baba yana nan yadda ka bar shi, ƙafar hagu ba ta ɗaukarsa, amma yana cin abinci, yana kuma faɗa, ka san wannan alamar sauƙi ce a wurinsa.

Yaya, maganar amyoyin zumar nan shida na bayan gida ce ta sa na ɗauki biro. Ranar Talata na yi hayaƙi na buɗe ta farko, sai na ga saƙar ta yi shuɗi kamar an zuba bula. Ta biyu kuwa koriya shar. Na tace na ɗanɗana, zaƙi ne zalla, babu ƙamshin fure ko kaɗan. Mai shagon da ke karɓa ya ɗaga kwalbar a rana, ya tambaye ni ko fenti na fara sayarwa, ya miƙo mini abata.

Kwana biyu ina bin ƙudan zumar, har suka kai ni bayan katangar kamfanin alewa. Ganguna ne a buɗe, cike da ragowar ruwan sukari mai kala, ƙuda sun yi baƙi a kai. Ka san nan mai gidana yake aiki, kuma rufe gangunan aikin sashensu ne. Da na faɗa masa sai ya roƙe ni kada in kai ƙara, don watan jiya an sallami mutum biyu, shi ma ido na kansa. Na je wa Baba da shawarar mu kai amyoyin gonar Kawu, ban faɗi dalili ba. Ya ce shekara talatin yana jin kukansu ta tagar nan, yanzu shi kaɗai ya rage masa, sai dai a fitar da su bayan an fitar da shi.

Ga ni nan, na rasa gaba na rasa baya. Kwalba goma sha ɗaya na ɓoye ƙarƙashin gado, ba ta sayuwa, zubarwa kuma na kasa. Kullum da safe in Baba ya nemi cokalinsa na zuma, ta bara nake ba shi, ita ma saura kaɗan a gindin kwalba. Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka kira shi ka lallashe shi a kai su gonar Kawu kafin ta ƙare.

Ka gaida mutuniyata da 'yan biyu. Inna na gaishe ku.

Ƙanwarka,
Auta